Minti Goma na Malama Fanta

Fatakwal,
5 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga taubashiyata Fanta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da awakinki da duk wanda ya rage a Hammadu Kafi mai iya jure bakinki. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya gajiya. Kunnena kuwa sai abin da ya ci gaba. Shekara talatin ina kan injin ɗaga kwantena a tashar jiragen ruwa, ƙararsa ta cinye shi, ko an kira ni a waya sai dai in yi ta cewa na'am. Ke kuma kin ce rubutun waya na marasa haƙuri ne. To, ga biro ga takarda. Suhaibu direba yana shigowa Gombe duk mako biyu, ki ba shi amsa a hannu.

Ga abin da ya sa na rubuto. 'Yarki Najeeba ta turo mini dogon saƙo daga Abuja, na karanta sau uku, raina bai yi daɗi ba. Ashe faɗuwar da kika yi a bakin rijiya a watan Janairu ba ɗan tuntuɓe ba ne kamar yadda kika aiko mini. Wuyan hannunki na hagu ne ya karye, kika kwanta a tsakar gida tun hantsi har azahar, sai da kukan awaki ya ishi maƙwabta suka leƙo. Tun rasuwar mijinki Malam Bamanga, Allah ya jiƙansa, shekara uku ke nan kina ke kaɗai a gidan nan.

Abin da yarinyar nan take so bai fi ƙarfinki ba. Ki ba da gidan haya, da damina ta wuce ki koma wurinta. Ta ce sau uku tana roƙonki kina mayar da maganar wasa, shi ne ta kawo ƙara wurina tunda ni ne babban da ya rage. Ki tuna ni ɗan namiji ne, ke 'yar mace, ko a wasan taubasai ni ne ubangidanki. Na goyi bayanta.

Ta kuma ce wai kina zuwa wani gida a Arawa kina ɗaga ƙarfe da hannun da ya karye. Na ce mata ni ne kurman dangi ba ita ba, ta sake saurare da kyau. Mace mai shekara hamsin da takwas, tsohuwar shugabar makaranta? Ki gaya mini gaskiya.

Wanda ya girme ki da damina biyu,
Hamman.

*

Hammadu Kafi, Gombe,
18 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga Hamman, ubangidan da ba shi da bawa,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarka, sai da na gyara kurakurai huɗu da jan biro sannan na sami sararin jin haushi. Lafiyata lau, awaki ma lafiya, ɗaya ta haifi biyu. Ina gaida iyalinka. Na ba Suhaibu kuka da daddawa, na matarka ne, ba naka ba.

Najeeba ta ji daidai. Ina ɗaga ƙarfe.

Da aka kwance mini ɗaurin asibiti, hannun ya zama kamar ba nawa ba, ko ludayi ba ya riƙewa. Aka haɗa ni da Sista Juliana, mutuniyar Kaltungo, wadda ta yi shekara da shekaru a sashen gashin ƙashi kafin ta yi ritaya. Ita ta dawo mini da hannun, tun daga matsa ƙwallon roba har na kai ga ɗaukar bokiti. A gidanta na ga abin. Sunansa ketulbel, amma mu buta muke ce masa, don kamar butar alwala yake wadda aka manta ba a yi mata baki ba, dunƙulen ƙarfe da mariƙi a sama. Mata tara ke taruwa a ƙarƙashin rumfar motarta da safe, har da mai gasa masara da wata 'yar sanda. Kuma kada ka ɗauka motsa jiki ne kawai. Gasa ake yi da shi, da alƙali da agogo.

Ga yadda ake yi. Ka lilo butar ta tsakanin ƙafafunka, ka kawo ta ƙirji, ka tura ta sama har gwiwar hannu ta miƙe, ka tsaya cak sai alƙali ya ƙirga, sannan ka sauko da ita ka sake. Haka har minti goma. Sau ɗaya tak aka yarda ka canja hannu. In ka gaji, sai dai ka huta da ita a ƙirjinka. Da ta taɓa ƙasa, shi ke nan, ka gama. Tawa mai ruwan hoda ce, kilo takwas, ta 'yan koyo. Juliana tana ɗaga ninkinta da shekararta sittin da ɗaya, kuma in tana yi ko nishi ba ka ji. Ranar farko na tsaya kallonta har na manta ban rufe baki ba. Ta ce ba hannu ke ɗagawa ba, ƙugu ne da ƙafa, hannu igiyar guga ce kawai. Abin da ya ba ni dariya, alli ake shafawa a tafi don kada mariƙin ya zame. Shekara talatin da uku ina karkaɗe alli a aji, ga shi ya biyo ni har nan.

Sai maganar gida. Hamman, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni da Malam muka aza tubalin gidan nan, mangwaron tsakar gida da hannuna na dasa shi. Najeeba a hawa na uku take, ƙofa a kulle, maƙwabcinta ma ba ta san sunansa ba. Na je na yi wata guda, na dawo kamar wadda ta tashi daga jinya. Na san tsoro ne ya sa ta, kuma ban ga laifinta ba, ni ma na ji tsoro ranar nan a bakin rijiya. Amma in aka raba ni da gidan nan, ba zan daɗe ba.

Tunda kai ne alƙali, ga sharaɗi. Ranar Asabar 21 ga Satumba akwai gasa a nan Gombe, ƙungiyoyi za su zo daga Bauchi da Yola da Jos, ni kuma zan shiga rukunin manyan mata. Ban ce zan ci kowa ba. In na cika minti goma ban ajiye ba, rabinsu da hannun da kuke cewa ya mutu, ka gaya wa Najeeba ta bar ni a gidana. In na ajiye, ni da kaina zan miƙa mata makulli.

Yanzu minti uku nake yi.

Taka, amma ba baiwarka ba,
Fanta.

*

Fatakwal,
2 ga Yuni, 2024.

Fanta,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, ina fata ke ma haka. Daddawa ta iso, kuma na sha miyar duk da ba tawa ba ce.

Na yarda da sharaɗinki, don na san ki. Tun muna yara a gidan Kaka ba ki taɓa kawo tulu daga rafi ba tare da kin sauke shi sau biyu kin yi hira a hanya ba. Hali zanen dutse ne. Ni da yatsa biyu nake ɗaga tan arba'in, ban taɓa neman alƙali ya ƙirga mini ba.

Najeeba ta yi ta ja, daga baya ta yarda, da sharaɗin likita ya duba jininki da hannun kafin ki ci gaba. Ki yi wannan, ba wasa nake yi ba.

Akwai abin da zan gaya miki, in kika yaɗa shi ban yafe ba. Da na gama karanta takardarki na shiga bayan gida na zuba ruwa a jarka, daidai lita takwas, na ce bari in ga abin da tsohuwar nan take fankama da shi. Minti ɗaya da rabi na yi. Yau kwana huɗu, matata ce ke sa mini hula. Minti ukun nan naki ba ƙaramin abu ba ne, na faɗa, kuma ba zan sake faɗa ba. Amma tsakanin uku da goma akwai tafiya. Ki fara ɗaure tukwanenki.

Ubangidanki,
Hamman.

*

Hammadu Kafi, Gombe,
22 ga Yuni, 2024.

Zuwa ga Hamman mai jarka,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina lafiya, likita ya duba ni ya ce jinina ya fi na bara kyau, ƙashin kuma ya haɗe sarai. Labarin jarka ban gaya wa kowa ba sai mata tara. Ga man shanu na saka maka cikin kayan, a shafa maka a kafaɗa.

Na kai minti bakwai. Tafin hannuna ya yi kanta, Juliana ta koya mini goge shi da dutsen goge ƙafa don kada ya tsage, ni kuma na ƙara da lalle. Matar nan, Hamman, ban taɓa ganin mai haƙurin koyarwa irinta ba, kuma ka san ba na yabon malami da arha. Ba ta ɗaga murya. In ka yi kuskure sai ta ɗauki butarta ta yi maka sau uku a hankali, ta ce, "Kin gani? To sake." Ta ara mini buta ɗaya na kawo gida, ina rataya agogon Malam a reshen mangwaro in yi ta yi da la'asar.

Sai dai na gano matsalata, kuma ba hannu ba ne. Sallama ce. Ka san yadda Inna, goggonka, ta tarbiyyantar da mu: baƙo ya yi sallama, ko jariri ne a hannunki ki ajiye, ki shimfiɗa tabarma, ki kawo ruwa, sannan a yi magana. Shekara hamsin ina haka. To yanzu ina tsakiyar ɗagawa, da na ji "salamu alaikum" a ƙofa, kafin in ankara butar tana ƙasa ni kuma ina hanyar randa. Mai nono ta sa na ajiye, mai karanta mita ya sa na ajiye, har a gidan Juliana na ajiye don baƙon da ba nawa ba. Ta dube ni ta ce, "Malama, minti goman nan naki ne, ba na baƙo ba. Wanda ya zo ba zai mutu da ƙishirwa ba kafin ki gama." Na ce mata ita ba ta san Inna ba.

Ranar Alhamis kuwa abin ya kai ni bango. Hagun ta ƙi, yatsuna suka riƙa buɗewa da kansu, tafin ya tsage yana jini. Na ce wa Juliana ni dai na gaji, wannan ba aikin tsohuwa ba ne. Na ajiye butar, na zauna a kan turmi na yi kuka kamar yarinya, na ce gara in kira Najeeba ta zo ta

*

Fatakwal,
7 ga Yuli, 2024.

Zuwa ga ƙanwata Fanta,

Assalamu alaikum. Ina fata hannun ya yi sauƙi. Mu muna lafiya.

Man shanun da kika aiko ya narke a mota ya jiƙe takardarki. Shafin farko ya tsira, na biyu kuwa ya zama kamar takardar tsire, ko harafi ɗaya ban iya fitarwa ba. Amma abin da na karanta ya ishe ni. Na ga kin ajiye, kin yi kuka, kin ce a kira Najeeba.

Yau ba zan tsokane ki ba. Tun da na san ki sau biyu na ga hawayenki, ranar rasuwar Goggo mahaifiyarki da ranar rasuwar Malam, don haka na san abin ya kai inda ya kai. Ba abin kunya kika yi ba. Mace ta tashi daga karaya ta kai minti bakwai, ni da ƙashina lafiya ban kai biyu ba. Kin yi abin da ya fi ƙarfin sa'o'inki, kuma na yi alfahari da ke a gaban abokan aikina.

Don in rage miki nauyin faɗa da bakinki, na gaya wa Najeeba kin haƙura. Ta yi murna har da kuka. Ta ce akwai wani ma'aikaci da aka mayar Gombe, Malam Zulkifilu, yana neman gida, za ta turo shi ya duba. Awakin kuma a kai su ƙauye wurin dangin Malam. Ki kwantar da hankalinki, Abuja ma gari ne.

Yayanki,
Hamman.

*

Hammadu Kafi, Gombe,
3 ga Agusta, 2024.

Hamman,

Wa alaikumus salam, don amsa sallama wajibi ne. Lafiyata lau, ba don ƙoƙarinka ba.

Motar Suhaibu ta lalace a hanya, takardarka ta yi mako uku kafin ta zo. Baƙonku ya riga ta isowa. Bari in ba ka labari.

Wata Laraba, mako biyu da suka wuce, da la'asar ina ƙarƙashin mangwaro, agogo yana rataye, na yi minti biyar da hannun dama, na koma hagu. Na wuce takwas. Na wuce tara, abin da ban taɓa yi ba tun da na fara. Saura daƙiƙa arba'in, sai ga sallama a ƙofa. Ka san sauran. Na ajiye, na shimfiɗa tabarma, na kawo ruwa, na dama fura. Bawan Allah ya sha ya yi hamdala, mutum mai ladabi, sannan ya zaro tef ɗin awo daga aljihu ya ce shi ne wanda Hajiya Najeeba ta turo. Ya ce gida ya yi, sai dai ko za a yarda ya sare mangwaron don ya sami wurin ajiye mota.

Ban yi masa rashin mutunci ba, ba laifinsa ba ne. Na jira ya shanye furar, na raka shi ƙofa, na ce gidan yana da mai shi. Da na dawo na tsaya ina kallon butar a ƙasa. Wato na ajiye minti gomana na farko don in shayar da wanda ya zo auna gidana.

Da ka yi haƙuri ka tambaya, ga abin da ke shafi na biyu. Juliana ta bar ni na yi kukana har na ƙoshi. Ta wanke tafin, ta naɗe shi, ta ce, "Kin gama? Gobe ƙarfe bakwai." Kuma na je. Bayan na aiko maka takardar ma, mako guda ina yi da hannun dama kaɗai har hagun ta warke. Kai da ka yi shekara talatin kana sauke kayan mutane, ka taɓa sa hannu a takardar da ka karanta rabinta? Na ji ciwon abin nan, Hamman. Na ɗauka ko duk duniya ta ce na ajiye, kai za ka ce sai ka ji daga bakina.

Na kira Najeeba na warware mata. Sharaɗi yana nan yadda yake, 21 ga Satumba.

Maganar sallama kuma Juliana ta samo mata magani irin nata. Ina cikin ɗagawa sai ta sa mata su riƙa fita suna shigowa suna sallama ɗaya bayan ɗaya, 'yar sandar har da buga ƙofa. Na kuma tambayi limamin unguwarmu, ya ce amsawa da baki ta wadatar, babu inda aka ce sai an ajiye kaya. Yanzu ina amsawa butar tana sama, kuma na cika goma sau biyu. Saura abu ɗaya. In muryar baƙo ce ina iyawa, in muryar nawa ce hannuna ba ya shawara da ni. Shekaranjiya Goggo Batul, yayar Malam, ta yi sallama, ban san lokacin da na durƙusa a gabanta ba, butar tana can tana gangarawa wajen awaki. Sabo turken wawa. Allah ya sa ranar gasa ba dangina a zauren.

Ba man shanu a wannan karon.

Fanta.

*

Fatakwal,
26 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga Malama Fanta,

Assalamu alaikum. Na iso gida lafiya jiya da yamma, iyali suna gaishe ki, sun gode da tsaraba. Ina fata gajiyar gasa ta sake ki.

Kwana biyu na yi a gidanki ina cin tuwonki, akwai maganar da na kasa faɗa. Shirun da na yi miki mako bakwai ma ita ce sanadi. Gara in rubuta, tunda a takarda ba sai na kalli idonki ba.

Fanta, da gangan na yi sallamar nan.

Da na karanta takardarki ta Agusta, inda kika ce in muryar naki ce hannunki ba ya shawara da ke, sai Shaiɗan ya ce mini ga hanya. Na ce a raina, gara ta yi fushi da ni tana Abuja da rai, da a sake tsintar ta a bakin rijiya. Ba wasan taubasai ya kawo ni Gombe ba, tsoro ne. Na iso zauren makarantar nan ta GRA tun kafin a kira rukuninku, na ƙi shiga, na laɓe a bakin taga da jakata.

Na ga Sista Juliana ta yi nata da butar nan mai ruwan ɗorawa. Ni mai aikin ɗaga kaya ne, na san inji mai kyau in na gan shi, babu motsi ɗaya da ta ɓata. Sannan aka jera ku shida a kan katako, kowacce da alƙalinta, ke ce babba a ciki, da doguwar rigarki da ƙaramin hijabi, hannu fari fat da alli. Ban gane ki ba da farko. Na san ki da tafiyar malamai, a hankali, ana gyara mayafi. Wannan matar kuwa ta tsaya ƙafa a buɗe, ta ɗauki ƙarfe kamar an aiko ta. Minti biyar da dama, sau arba'in da ɗaya, ina ƙirgawa tare da alƙali. Kika wurga ta hagu a iska, kika cafe. Daga nan abin ya fara nauyi. Wata 'yar Yola da ba ta kai ki shekaru ba ta ajiye a minti na bakwai.

A minti na takwas na ga kin daɗe da butar a ƙirji ba ki tura ba. Na ce yanzu ne. Na shigo, na ratsa mutane, na tsaya a gabanki, na yi sallama da muryar nan tawa ta kurame. An ce duk zauren sai da ya waiwayo. Shekara uku rabon da ki gan ni.

Na ga gwiwarki ta lanƙwashe. Na ga butar ta sauka, ta yi ƙasa fiye da yadda take yi, bai fi kamu ɗaya ya rage ta taɓa katako ba. Wallahi a daidai nan na yi nadama, na so in janye sallamar, amma magana zarar bunu ce. Sai ga ta ta dawo ƙirji. Kika dube ni, irin kallon da kike wa yaron da ya zo makaranta a makare. Ban ji abin da kika ce ba, a bakinki na karanta: "Wa alaikumus salam. Tsaya nan."

Na tsaya. Minti biyu ina tsaye da jaka a hannu, ba tabarma, ba ruwa, ina kallon hannun da muka ce ya mutu yana tura ƙarfe sama yana miƙewa. Sau bakwai kika ƙara. Da lokaci ya cika alƙali ya ɗaga hannu, kika sauke ta a hankali kamar mai kwantar da jariri. Sai a lokacin kika durƙusa kika yi wa yayanki maraba da Fulatanci, kika ce, "Jabbama, Hamma," kika karɓi jakata da hagu. Kin ɗauka gumi nake sharewa da hulata, ba gumi ba ne.

Sittin da uku, ta biyar a cikin shida. Ni dai ban ga wadda ta fi ki ba a zauren nan.

Na rubuta wa Najeeba na gaya mata duk abin da na gani, har da abin da na yi. Na ce ta bar uwarta a gidanta. Ke kuma ina roƙon ki yafe mini. Girman da nake taƙama da shi na damina biyu, ranar nan na zubar da shi.

Taubashinki,
Hamman.

*

Hammadu Kafi, Gombe,
6 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga Hamman,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, kafaɗa ta daina ciwo, awaki suna gaishe ka tunda ba a kai su ƙauye ba. Takardarka ta zo da shafinta biyu cif, kuma kuskure ɗaya kawai na samu, ka yi ƙoƙari.

Kai yanzu a tunaninka ka ɓuya? Mutum ya tsaya a taga da jar hula da tumbi, tun minti na biyu na gan ka. Na kuma san abin da ya kawo ka, don ni na ba ka sandar dukana da hannuna. Kwana biyun da ka yi kana sunkuyar da kai a kan tuwona, ina sane na ƙyale ka, ai kai ma ka ɗanɗana.

Tunda ka faɗi taka, ga tawa. A minti na takwas ɗin nan na gama. Yatsuna sun mutu, numfashi ya ƙare, na daina jin muryar Juliana. Na riga na ce a raina, Fanta ajiye, kin yi iyakarki, Abuja ma gari ne. Saukar da ka gani, rabinta Inna ce ta ja ni in gaishe ka, rabinta kuma ajiyewa zan yi ko ka zo ko ba ka zo ba. Sai na ɗago ido na ga fuskarka, na ce wato kurman nan ya taso tun daga Fatakwal, kwana biyu a mota, don ya ga na ajiye? Haushinka ne ya ɗago butar, Hamman. Da ka yi zamanka a taga, da yanzu ina hawa na uku.

Don haka na yafe. Na san tsoro ne, kuma na san ba a jin tsoro saboda wanda ba a so.

Najeeba ta kira, mun yi kuka mun yi dariya. Ta sa an rufe bakin rijiya an kafa famfo, na yarda. Matanmu kuma sun ce duk ranar da ƙarfe bakwai ta yi ba su gan ni ba, 'yar sanda za ta zo ta buga ƙofa. Juliana ta ajiye mini shuɗiyar buta, kilo goma sha biyu, ta ce sai bayan na huta. Jiya na ɗan taɓa ta ba ta sani ba.

In ka sake zuwa ka yi sallama ka ji na amsa ban fito ba, ka shigo kawai. Tabarma tana bayan ƙofa, randa tana gindin mangwaro, ka ɗiba da kanka. Makulli yana wurina.

Taka,
Fanta.